Cire fankar injin Hilux a sa ta lantarki: ina neman shawarar waɗanda suka san aikin

Mai Hilux na Dawanau ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hilux tsohuwar yayi mai injin gas da ake kira 3L, wato mai lita 2.8, kuma da ita nake ɗaukar buhunan hatsi daga kasuwar Dawanau zuwa cikin gari, wani lokaci kuma in leƙa ƙauyukan wajen Bichi da Tsanyawa ranar kasuwa. Shekara shida ke nan tana hannuna ba ta taɓa ba ni wahalar zafi ba, sai bana da bazara ta kama. Tun daga tsakiyar watan Maris, duk ranar da na faɗa cunkoson Kurna ko na Rijiyar Lemo da rana tsaka, sai in ga allurar zafi ta bar tsakiya tana hawa a hankali har ta kusa taɓa ja. Da zarar hanya ta buɗe na samu na sa giya ta huɗu, cikin minti biyu ko uku sai ta koma mazauninta kamar ba abin da ya faru. Sau ɗaya ne ta kai ga tafasa, ranar da na yi kusan rabin awa a bayan wata tirela da ta lalace a tsakiyar titi, har na ji ruwa yana ɓararraka a cikin 'yar jarkar da ke gefen lagireto, dole na kashe injin na zauna jira.

Na kai ta gareji, bakaniken da ke duba mini ita ya ce fankar injin ta tsufa, a cire ta gaba ɗaya a sa ta lantarki irin ta Golf, wadda ake samu a Ƙofar Ruwa cikin kayan Kwatano. Hujjarsa ita ce fankar da bel ke juyawa gudun injin take bi, to a cikin cunkoso injin yana silo ita ma tana silo, alhali a lokacin ne aka fi buƙatar iska, ita kuwa ta lantarki babu ruwanta da totur. Ya ƙara da cewa motar za ta rage shan mai, injin zai ƙara ƙarfi, kuma zai sa a haɗa wayar kai tsaye da makulli yadda da na tayar da mota fanka za ta kama aiki har sai na kashe.

Maganar ta shiga kunnena, har na ba da kuɗi an sayo fankar, amma kafin a fara kwance-kwance abu biyu suka sa na dakata. Na farko, waɗanda suka ƙera motar sun san da fankar lantarki, tunda suna sa ta a Corolla, amma ba su sa wa wannan ba, kuma ina zaton akwai dalili. Na biyu, wutar motar ba ta da yalwa, domin ko yanzu idan na kunna fitilu da daddare injin yana silo, ina ganin haskensu yana ragewa. Saboda haka nake roƙon wanda ya taɓa yin wannan canji, ko ya yi wa wani, ya gaya mini gaskiya: shin zai magance mini zafin, ko kuwa gudun gara zan yi in faɗa gidan zago? Idan kuma abin yi ne, wace hanya ce ta daidai wajen haɗa shi?

Tsohon Bakanike daga Kaduna ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, bayanin da ka yi da bakinka ya riga ya nuna inda ciwon yake. Motar da ke zafi a tsaye ta huce a kan gudu, ƙarancin iska ne ke damun lagiretonta, domin daga kilomita 50 ko 60 a awa zuwa sama, iskar da ke bugo gaban mota ta wadatar, fanka kusan 'yar rakiya ce. Da a kan babbar hanya take zafi, da sai mu tuhumi toshewar lagireto daga ciki, ko famfon ruwa, ko gasket. A nan bakanikenka bai yi kuskure ba da ya dubi wajen fanka. Inda na saɓa da shi shi ne, motar da ta shekara shida tana ratsa wannan cunkoson da wannan fankar ba ta tafasa ba, ba za a ce tsarin fankar ne ba shi da kyau ba. Wani abu ne ya lalace a cikinsa bana, kuma shi ya kamata a nemo, in ba haka ba an bar jaki ana dukan taiki.

Fankar Hilux ba a ɗaure take kai tsaye da fuli ba. Tsakaninsu akwai wani faifan alminiyom mai tsaga-tsaga, shi ne kulocin fanka, a cikinsa akwai man silikon mai kauri kamar zuma, a fuskarsa kuma, ta wajen da ke kallon lagireto, akwai wani siririn ƙarfe a nannaɗe kamar sifirin ɗin agogo. Ƙarafa iri biyu ne aka manne, waɗanda zafi ba ya miƙa su daidai da juna, saboda haka idan iskar da ta ratso lagireto ta yi zafi sai ya murɗa, ya buɗe wata 'yar ƙofa a ciki, man ya kwararo tsakanin faifan da bel ke juyawa da gidan da fanka ke kansa, sai fankar ta kama sosai. Idan iskar ta huce ƙofar ta rufe, man ya koma ma'ajiyarsa, fankar ta saki ta riƙa bin injin sama-sama. Da tafiyar shekaru man yakan tsiyaye kaɗan-kaɗan, har a wayi gari fanka tana juyawa a ido amma ba ta jan iskar kirki. Abin da ke ruɗin mutane ke nan, su ɗaga bonet su ga tana juyawa, su ce lafiyarta ƙalau.

Gwajinta ba ya cin ko sisi. Da safe idan ka tayar da mota, mai lafiya takan yi gurnani na ɗan lokaci kafin ta yi shiru, saboda man da ya kwana a tsakanin faifan. Bayan nan ka bari sai motar ta ɗauki zafi sosai, irin lokacin da allurar ke hawa, ka kashe injin, ka zare makulli, sannan ka tura fiffike ɗaya da hannu. Mai lafiya za ka ji ta da nauyi, ta tsaya kusan nan take, matacciya kuwa za ta yi ta zagayawa sau biyu ko uku kamar fankar ɗaki da aka ɗauke wa wuta. Ka kuma duba jikin kulocin ko akwai baƙin maiƙo da ƙura ta manne masa, ka girgiza shi gaba da baya ka ji ko boris ɗinsa yana wasa. Kada ka yarda wani ya gwada tsayar da ita da hannu ko da tsumma injin yana aiki, na ga yaron gareji da ya rasa kan yatsa ta wannan hanya.

Idan kulocin ne, ko dai a sayi wani, ko kuma a buɗe shi a zuba masa mai, domin na Toyota da yawa sukurori ne suka haɗa shi, kuma ana sayar da man silikon ɗin a ƙananan mazubai, kaurinsa lamba 3,000 ko 6,000 ko 10,000. Ban da man giya, ban da giris, kuma ban da abin da wasunmu ke yi na huda kulocin a ɗaure shi da noti ko a yi masa walda ya zama fanka tana bin injin ɗari bisa ɗari. Zafin cikin gari zai ragu, gaskiya ne, amma ƙarfin da fanka ke ci ba ya hawa daidai da gudunta, idan gudun ya ninka sau biyu ƙarfin da take ci sau takwas yake ninkawa. A kan babbar hanya za ka ji kamar jirgi ne zai tashi, bel ya riƙa ƙara, boris ɗin famfon ruwa ya mutu da wuri, kuma tsohuwar fankar roba tana iya tsagewa, fiffike ya fita ya yanka lagireto. Mun sha ganin haka tun zamanin Fijo 504, wadda kulocin fankarta na maganaɗisu ne, da ya ɗan yi gardama sai a ɗaure shi a wuce wurin.

Game da abu na farko da ya sa ka dakata, dalilin da ya sa Golf da Corolla da Sharon suke da fankar lantarki shi ne injinansu a gicciye suke kwance, fulinsu yana kallon taya, babu yadda bel zai juya fanka a bayan lagireto. Hilux da Land Cruiser injinsu a miƙe yake, kuma motocin ɗaukar nauyi ne, shi ya sa har yau masu injin gas suke fitowa da fankar bel mai kuloci. Ni dai ba zan cire ta daga motar da ke ɗaukar buhuna ba, musamman da yake kan injinan wannan jerin ba ya yafe zafi, mai turbo ɗin da ake kira 2L-T ma kansa ya yi suna wajen tsagewa.

Mai Wayarin a Zariya ya amsa:

Oga ya yi bayanin da ba ni da abin gyarawa a kansa, sai dai ina so in ɗan kare fankar lantarki, don kada a ɗauka ba ta da amfani. A silo, injin gas irin wannan yana juyi kusan 700 ne a minti, kuma a wannan gudun babbar fankar lantarki mai kyau tana iya jan iska daidai da ta bel ko ma fiye, shi ya sa motar da rayuwarta duka a cunkoso take, ko mai kwandishan da ke daina sanyi a tsaye, takan amfana da ita. Na haɗa wa mutane da dama kuma ba su dawo da kuka ba. Amma lissafin yana juyewa da zarar an taka totur. Fanka mai faɗin inci 16 tana shan amfiya 15 zuwa 25, mu ce 20, a ninka da bolt 14 na wutar caji, ya ba da wat 280, alhali ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Wato duk ƙoƙarinta bai kai rabin doki ba, kuma nan ne iyakarta ko injin yana silo ko yana ihu, ita kuwa ta bel idan kulocinta ya kama a babban juyi, dawakai da dama take karɓa daga injin ta mayar da su iska. Fankar Golf ɗin da aka sayo maka ma ba ta kai wannan girman ba, an yi ta ne don ƙaramin injin fetur da ƙaramin lagireto.

Maganar rage shan mai kuwa, kada ka sa rai da yawa. Kuloci mai lafiya mafi yawan lokaci a sake yake, abin da yake ci kaɗan ne, kuma wutar da fankar lantarki ke sha ba daga sama take faɗowa ba, altaneta ce ke samar da ita, altanetar kuma bel ne ke juya ta, kusan rabin ƙarfin ma yana ɓacewa a hanya ya zama zafi. Idan har aka haɗa ta kai tsaye da makulli kamar yadda aka ce maka, tana aiki ba dare ba rana, to ɗan sauƙin da ake fata ma ya tafi.

Wannan haɗin kai tsayen shi ne abin da na fi ƙi a cikin shawarar da aka ba ka. Makullin mota da siraran wayoyinsa ba a yi su don ɗaukar amfiya 20 ba, balle fizgar farko da fanka ke yi lokacin tashi, wadda takan ninka haka. Wayar za ta riƙa ɗumi, robarta ta yi laushi, wata rana a ji ƙauri daga ƙarƙashin sitiyari. Ga shi kuma injin gas yana ɗumama filoginsa na zafi kafin tashi, lokacin da batir ke buƙatar duk ƙarfinsa, sai ga fanka tana rabon wutar da shi. Kuma fankar da ba ta hutawa gawayinta yakan ƙare da wuri, ranar da za ta mutu kuma ba sallama za ta yi ba, sai dai allura ta gaya maka, idan idonka yana kanta.

Idan dole sai an yi, ga yadda nake yi. Waya mai kauri, murabba'in milimita 4 ko 6, ta taso daga kan batir, a sa mata fiyus na amfiya 30 ko 40 dab da batir ɗin, ba can kusa da fanka ba, domin aikinsa kare tsawon wayar ne idan ta goge a jikin ƙarfe. Daga nan ta shiga ƙafa mai lamba 30 ta rile mai ɗaukar amfiya 40, wato makunnin da siririyar wuta ke sarrafawa don ya saki babbar wuta, ta fita ta 87 zuwa fanka, ɗaya wayar fankar kuma a ɗaure ta a jikin mota inda aka kankare fenti. Ƙafafu 85 da 86 su ne na siririyar wuta, ɗaya ta zo daga makulli, ɗaya ta bi ta makunnin zafi da aka dasa a jikin lagireto ko a tsakiyar tiyo. Wajen zaɓen makunnin ne mutane ke faɗuwa. Tamostat na injin, wato 'yar ƙofar da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai injin ya ɗumama, yana da lamba a jikinsa, 82 ko 88, wato digirin da yake buɗewa, kuma dole zafin da makunnin ke kashe fanka ya kasance sama da wannan lambar, in ba haka ba fankar ba za ta taɓa hutawa ba. Mai kunnawa a 92 ya kashe a 87 ya dace da tamostat mai 82, amma bai dace da mai 88 ba. Ina kuma ƙara wani makunni na hannu a gaban direba, don idan na zafin ya mutu a daji a iya kunna fanka.

Sauran batun altaneta, wadda ka ce fitilunka suna ragewa a silo. Ta wannan injin ba babba ba ce, kuma a silo ba ta ba da ko kusa da abin da aka rubuta a jikinta. Canza ta da babba ma ba abu ne mai sauƙi ba, saboda a bayanta ne aka ɗaura famfon da ke zuƙe iska don birki, ba kowace altaneta za ta zauna a wurin ba. Sannan duk wanda ya cire fankar bel ya tuna cewa notin nan huɗu da suka riƙe ta su ne suka riƙe fulin famfon ruwa, dole a mayar da su da wosha a ɗaure tam.

Shawarata ta gaskiya ita ce a bar ta bel a gyara ta, idan ana son ƙari a sa ƙaramar ta lantarki a gaban lagireto tana turo iska, ta zama mataimakiya.

Direban Lafiya zuwa Jos ya amsa:

Ni na yi wannan canjin a Hilux mai injin 5L, kuma jiki magayi. Wata uku na farko na ji daɗi ƙwarai, motar ta yi shiru, a cikin gari allura ba ta motsi, har na riƙa ba abokan aiki shawara su yi. Ranar da na gane kurena ita ce ranar da na ɗauko doya cike da mota na kama Hawan Kibo a bayan wata babbar mota, ina giya ta biyu, gudun bai wuce kilomita 25 ba, injin kuwa yana ihu. Babu iskar hanya, injin yana fitar da zafi iya ƙarfinsa, fankar lantarki tana iya nata ƙoƙarin amma abin ya fi ƙarfinta. Kafin in kai rabin hawan allura ta shiga ja, na samu gefe da ƙyar na tsaya, yaron mota ya sa duwatsu a bayan tayoyi. A da can, da fankar bel, a daidai wurin nan ne nakan ji ta kama da gurnani, allura ta tsaya cak, ni kuma ina jin haushin ƙarar ban san ita ce ke cetona ba.

Abu na biyu da ya same ni shi ne yadda aka ɗaure fankar. Wanda ya yi mini aikin ya soka wasu siraran robobi ta cikin saƙar lagireto ya ɗaure ta da su, ya ce haka ake yi. A kan titi mai kyau wataƙila ya yi, amma a hanyoyinmu na gargada nauyin fankar ya riƙa jijjiga, robar ta ci bututun lagireto har ya fara ɗiga ta wuri biyu. Idan za ka sa, a yi mata ƙafafu na ƙarfe a ɗaure a gefen lagireto ko a jikin mota. Ni dai daga baya na nemo tsohuwar fankata a inda aka jefar da ita a bayan gareji, na sayi kuloci na mayar.

Mai Hilux na Dawanau ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba na Kaduna, na yi gwajin da kuka ce jiya da la'asar bayan na dawo daga kasuwa. Da na kashe injin na tura fiffike da yatsa biyu, sai da fankar ta zagaya kusan sau uku kafin ta tsaya, kuma bayan kulocin ya yi baƙi ƙirin da maiƙo, har ƙura ta yi masa ɓawo. Sifirin ɗin gaban ma ban gan shi ba sai da na kankare da tsinke.

Amma na ga wasu abubuwa da ban yi tsammani ba. Da na haska fitilar waya ta bayan lagireto na leƙa ta gaba, ƙasan sa kusan kashi ɗaya cikin uku haske ba ya ratsawa, ƙaiƙayin gero da dawa ne suka cushe ramukan suka haɗu da ƙurar hunturu suka zama kamar tabarma. Sannan robar nan da ke kewaye da fanka, rabinta na ƙasa babu shi, sai yanzu na tuna cewa bara da aka canza mini bel an karya shi, aka ce mini ba shi da wani amfani, ado ne kawai. Da na tambayi bakaniken lambar tamostat ɗina don in san makunnin da zai dace, sai ya yi dariya ya ce ai tun shekara uku da suka wuce ya cire shi ya yar, wai na ƙasar sanyi ne.

To yanzu ina so ku gaya mini, wannan robar da gaske ado ce? Shi kuma tamostat ɗin, in mayar da shi ko in bar motar haka, tunda zafi nake kuka da shi ba sanyi ba?

Tsohon Bakanike daga Kaduna ya sake amsawa:

Malam, wannan robar ita ce gidan fanka, kuma a cunkoso kusan rabin aikin nata ne. Iska tana bin hanya mafi sauƙi, idan babu abin da ya tilasta wa fanka ta ja ta cikin ramukan lagireto, sai ta ja ta gefe, ta riƙa juya zazzafar iskar da ke cikin ɗakin injin tana maimaitawa. Ka nemo cikakke, kuma idan an ɗaura ka duba ka ga kusan rabin faɗin fiffiken yana cikin bakinsa rabi yana waje. Wani abin kuma, lagireton da ƙaiƙayi ya toshe yana hana iska mai zafi isa ga sifirin ɗin kuloci, saboda haka ko sabo ka sa ba zai kama a kan lokaci ba. A wanke shi daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi sosai, don injin wanki mai matsi yana kwantar da siraran ƙarafan.

Tamostat kuwa a mayar da shi, mai lamba 82. Ba ya ƙara wa injin zafi sama da lambarsa, da ruwa ya wuce wannan digirin a buɗe yake, aikinsa shi ne ya hana injin yawo a sanyaye da safe da lokacin hunturu, abin da ke sa injin gas hayaƙi da shan mai da saurin cin silinda. Tunda an buɗe wurin, ka canza murfin lagireto da mai lambar da ke jikin tsohon, 0.9 ko 1.1, domin matsin da yake riƙewa ne ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120, kuma murfin da robarsa ta mutu yana iya sa mota ta yi ɓararrakar da ka ji tun zafin bai kai ko'ina ba. Ka kuma daina zuba ruwan rijiyar burtsatse zalla, yana barin farin ɓawo a cikin bututu.

Mai Hilux na Dawanau ya rubuta:

Na dawo da rahoto bayan kwana goma. An sa wani kulocin, an wanke lagireto har sai da ruwan ya daina fita da ƙaiƙayi, na samo gidan fanka cikakke a Ƙofar Ruwa, an mayar da tamostat da sabon murfi. Ranar Alhamis na shiga Kurna da buhu goma sha biyu da misalin ƙarfe biyu na rana, na yi fiye da minti ashirin ina matsawa taku-taku, allura ba ta wuce tsakiya ba. Sau biyu na ji fankar ta kama da gurnani lokacin da na taka totur, bayan ɗan lokaci ta saki, abin da na manta rabon da in ji. Fankar Golf ɗin tana nan a shago cikin kwali. Malam na Zariya, ita ce zan iya sawa a gaba a matsayin mataimakiyar da ka ambata?

Mai Wayarin a Zariya ya amsa:

Madalla da wannan labari. Amma wannan fankar ba za ta yi a gaba ba, domin an lanƙwasa fukafukanta ne don ta zauna a baya ta ja iska. Idan aka juya wayoyinta za ta juya baibai ta tura, sai dai da bayan fiffike za ta riƙa bugun iskar, ƙarfin ya ragu sosai, ga shi jikinta zai tare wa lagireto iskar hanya. Wadda ta dace ita ce siririyar da aka yi don gaban kondensar kwandishan, kuma bayan an haɗa a riƙe 'yar takarda a gaban mota a tabbatar tana mannewa ne ba turo ta ake yi waje ba. Tunda allurarka ta zauna kuma altanetarka ba ta da rara, ni zan ce ka bari sai watan Afrilu mai zuwa ka ga ko akwai buƙata. Ta cikin kwalin kuwa ka mayar wa mai ita ko da ragi ne, masu Golf na haya suna neman irinta kullum.